Ledar da Ba a Yanka Ba

Babanmu bai bar mana gona ba, bai bar mana shago ba. Abin da ya bari shi ne lambun renon dashe a gefen titi, da wata 'yar wuƙa mai ƙotar katako da ta sirance saboda yawan wasawa, da doka guda da ya yi ta nanata mana har kunnuwanmu suka gaji: kafin dashe ya shiga rami, a yanka leda. Ba a tsaga gefe a bar gindi, ba a huda ta a ce saiwa za ta nemi hanya da kanta. A yanka, a zare, a cusa ledar a aljihu. Ni ce babba, ni na gaji lambun, amma in za a faɗi gaskiya ƙanena Auta ya fi ni hannu. Tun yana ƙarami in ya zare leda ƙasar ko motsi ba ta yi, dunƙulen ya fito sumul. Baba kan ce ni na ɗauki haƙurin aikin, Auta ya ɗauki hannun aikin, kuma na daɗe ina jin haushin wannan rabo.

Muna da wata dabara ta gidanmu. In za mu cusa ƙasa a leda, sai mun fara jefa ɗan tsingaro a gindinta, don kada saiwa ta huda ta kama ƙasar lambu kafin mai saye ya zo. Bayan rasuwar Baba fasassun tukwane suka yi wuyar samu, sai na koma amfani da gutsattsarin tayil shuɗi da na kwaso buhu-buhu daga wani gini da aka rushe kusa da ni. Ban taɓa ɗaukar abin da wani muhimmanci ba, tayil ne kawai da na samu a banza.

Auta bai zauna a lambu ba. Ya sayar da wayoyi, ya taɓa dillancin fili, ya yi wata sana'ar da har yau ban gane kanta ba. Daga baya ya dawo wa itace ta wata ƙofa. Ya kafa ƙungiya, ya kama ofis ɗaki ɗaya a saman wani shagon magani, da fanka mai ƙara da kujerun roba. Kamfanonin da ke son a ce suna kula da muhalli su ke ba shi aiki. Ya nemo fili, ya haƙa ramuka, ma'aikatansu su zo da fararen riguna da hulunan rana, kowa ya riƙe shebur kamar an ba shi riƙon jaririn wani, a dasa, a ɗau hoto, a kafa allo. Dashen duk daga wurina yake ɗauka. Na yi alfahari da shi har na gundiri mutane. Mai walda da ke maƙwabtaka da lambuna ya taɓa ce mini, in na ƙara ba shi labarin ƙanena sau ɗaya, zai fara karɓar kuɗin sauraro.

Gidan Inna yana can ƙarshen gari, inda unguwa ta ƙare. Bayan ɗakin kwananta akwai kwazazzabo. Muna yara tsallake shi muke yi da ƙafa ɗaya. Da aka yi ta gine-gine a sama, aka shafe ko'ina da siminti, ruwan unguwanni ya rasa inda zai nutse, sai ya taru ya biyo ta nan. Kowace damina ramin sai ya ci wani abu. Ya ci hanyar da muke bi zuwa makaranta, ya ci banɗakin maƙwabta, ya fara leƙen katangar Inna. Na yi roƙon duniya ta dawo wurina, ta ce a ɗakin nan ta haife mu, a nan mijinta ya cika, ba ruwan sama ne zai ba ta notis ba.

Ranar da Auta ya zo ya ce ya samo kamfanin da zai ɗauki nauyin dasa bakin kwazazzabon gaba ɗaya, na ajiye bokitin ban ruwa na rungume shi, abin da rabona da yi tun yana yaye.

“Uwar lambu, sake ni, za ki ɓata mini guga,” ya ce yana dariya. “Ki zaɓo na gani-na-faɗa. Wannan aikin na gida ne.”

Na zaɓo kuwa. Na ba shi jema, ciyawar nan da saiwarta ke nutsawa ƙasa fiye da tsayin mutum, wadda in ta kama wuri ruwa sai dai ya kewaye. Na ba shi darbejiya. Sannan na ba shi abin da ban taɓa sayar wa kowa ba, maɗatan da na tsiro daga irin bishiyar da Baba ya dasa da hannunsa a bakin lambu. Na daɗe ina renonsu ban san wa nake ajiye wa ba, ranar na ga kamar dama wannan aikin suke jira. Ko sisi ban karɓa ba.

Ranar dashen aka kafa rumfa. Na zo da kayan aiki, wuƙar Baba a ƙugu, Auta ya tare ni tun daga bakin hanya.

“Haba Yaya, yau ke babbar baƙuwa ce. Ki zauna kusa da Inna ki sha inuwa, ko sau ɗaya ki ga ana yi miki aiki.”

Na zauna, kaina ya yi girma. Aka ba ni lemo mai sanyi, aka kira ni gaban mutane aka ce ga wadda ta reni itatuwan nan, aka tafa. Da aka zo ɗaukar hoto suka miƙo mini maɗaci guda in dasa. Na durƙusa, na yanka ledar, na zare, na cusa a aljihu. Na jawo 'yan dunƙulen jema da ke kusa na yi musu haka, na jera su kewaye da shi, don hannuna ba ya iya ganin dashe a ajiye. Auta ya zo ya ɗago ni yana cewa na isa haka, zanina zai ɓaci. Sauran filin daga rumfa na hango shi, kore shar, layi-layi, har idona ya kawo ruwa.

Washegari ya sa aka kewaye wurin da kwanon rufi mai tsayi, aka sa ƙofa da kwaɗo, wai saboda awaki. Na yaba masa, don na san ɓarnar akuya. In na je gaida Inna na nemi mabuɗi, sai a ce yana wurin mai ban ruwa, mai ban ruwa kuma kullum yanzun nan ya fita. Ta tagar ɗakin Inna kaɗai ake iya ganin ciki, ita kuwa a falo take tarbata, ta ce ɗakin a hargitse yake. In na tambaye ta itatuwa, sai ta ce, “Suna nan, Babba,” ta ɗauko wata hirar.

A cikin shekarar ne Auta ya buɗe mini abin da muke kira asibiti. Lokaci-lokaci motarsa ta ɗaukar kaya za ta tsaya a bakin lambu cike da dashe da suka langaɓe, ganye ya yi rawaya, leda duk laka. Ya ce daga wasu lambuna yake sayo su da araha, na mutanen da ba su san aikin ba, in taimaka in farfaɗo da su. Na ware musu wuri a ƙarƙashin rumfar inuwa, ina ba su ruwa da yamma, ina ƙara musu taki, ina tsinke matattun ganye. Ina yi ina zagin mai su. Na ce wannan ko wace ce, hannunta na wanke-wanke ne ba na shuka ba. Na ce da zan gan ta da na karɓe bokitin na ba ta tsintsiya. Auta yana jingine da mota yana dariya har da riƙe ciki, ya ce, “Ki yi mata a hankali, Yaya, ƙila baiwar Allah ce.” In sun murmure ya zo ya kwashe, bayan ɗan lokaci ya kawo wasu.

Gab da faɗuwar damina aka kawo wani kaso da ya fi na kullum jigata. Har da maɗaci a ciki, na ce ashe akwai mai renon maɗaci a garin nan ban da ni. Na ɗaga guda zan gyara masa zama, ledar da rana ta gama cinyewa ta yage a hannuna, ƙasar ta zube a ƙafata. Wani abu ya faɗo ya bugi bakin bokiti, ya yi ƙara. Gutsuren tayil ne shuɗi.

Na tsaya ina kallonsa kamar ban taɓa ganin tayil ba. Sai na duba saiwar. Ta yi ta kewaya cikin ledar tana neman mafita, ta naɗe kanta ta sake naɗewa, ta zama kamar gammo. Na ɗauki na biyu na yanka, tayil. Na uku, tayil. Na bi layin nan da wuƙa kamar mahaukaciya har na gaji da sunkuyo. Sai a lokacin na lura da jikin ledojin ta waje. Ga jar laka ta bushe a kai, ga baƙar ƙasa a samanta, ga yashi ya manne a gefe. Kowane dashe ya shiga rami ya fito, ya sake shiga wani ya fito, a wurare daban-daban, da ledarsa. Tsingaron da muke sawa don kada saiwa ta kama ƙasa shi ya sa ake zare su cikin sauƙi kamar ana cire cokali daga kofi. Matar da na shekara ina zagi ni ce.

Ban kira Auta ba. Na wanke hannu, na rufe lambu da rana tsaka, abin da ko ranar da na yi zazzaɓi ban yi ba, na hau mota zuwa gidan Inna. Ta fito falo da fara'arta tana cewa yau kuma da wuri, na gaishe ta a tsaye na wuce ta. Ɗakin ba a hargitse yake ba, a share yake tas, gado a gyare. Na yaye labulen taga.

Fili ne fetal. Ramuka layi-layi, zagayayyu, gefensu sumul, wasu ruwan farko ya fara cike su da yashi. Allon kamfanin yana nan tsaye da hoton ganye a jiki. Can gefe maɗaci guda ya kai ƙirjina, ya yi kore, jema ta yi masa zobe ta tashi bushi-bushi. Nawa ne. Bakin kwazazzabon kuwa ya matso har ya fara cin ƙasan shingen kwanon, wani falle yana lilo a iska.

Na juyo, sai idona ya faɗa kan wani zani da aka rataya a bango, inda ba a taɓa rataya komai ba. Na ɗaga shi. Tsaga ce tun daga kusa da rufi har ƙasa, yatsana na shiga.

Inna tana tsaye a bakin ƙofa, ta riƙe ƙyaure.

“Tun yaushe?” na ce.

“Zauna mana, Babba.”

“Inna, tun yaushe aka kwashe su?”

“Ba su daɗe ba bayan tafiyar baƙin. Ya ce aro ne. Wani aiki ya taso masa da gaggawa, ba shi da dashe a hannu, zai mayar.”

“Kina gani aka cire?”

Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, wanda ba abin da ya same shi. “Ni na ba ma'aikatan ruwan sha. Rana ta yi zafi ranar.”

Na zauna a bakin gadon. Abin da ya fi ci mini rai ba ramukan ba ne. Duk zuwan da na yi shekara guda, ina kawo mata magani da sabulu, ina zama muna hira, ina ce mata ta kwantar da hankalinta yanzu saiwar jema ta yi nisa, ita kuwa tana gyaɗa kai, alhali da tsagar nan take kwana a saitin kanta.

“Me ya sa ba ki gaya mini ba?”

“Na san halinki. Da kin je kin tara masa jama'a a ofis. Yaron nan sai yanzu ya samu abin da ya riƙe, yana da mata da yara. Ke ai Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, komai ya same ki kina iya ɗauka. Shi ba haka yake ba.”

Na sha jin wannan magana tun ina yarinya, duk lokacin da za a ɗauki nawa a ba shi. Ban taɓa jin ta yi ɗaci kamar ranar ba. Na ce mata ɗakin nan ba zai kai ƙarshen damina ba. Ta ce Allah ne mai tsarewa, sannan ta kama hannuna ta ce in yi mata alkawari ba zan kunyata shi gaban mutane ba. Na zare hannuna, amma na yi alkawarin.

Auta ya zo da kansa bayan kwana kaɗan, da safe, zai ɗauki kaya don wani aiki. Na riga na jera masa sabbin dashe a bakin hanya. Direbansa ya sauke ƙofar bayan mota, na ce ya je ya sha shayi wurin mai walda, za mu kira shi. Auta yana ta waya, yana yi mini alama da hannu wai yana zuwa. Na ɗauki dashen farko, na zaro wuƙar Baba, na yanka ledar daga sama har ƙasa, na zare, na ɗora dunƙulen a mota. Na ɗauki na biyu.

Ya katse wayar. “Yaya, me kike yi haka?”

“Ina rage maka aiki. Kuna isa sai rami.”

“Bari, bari. Za su wargaje a hanya.”

“Na jiƙa ƙasar, ba za su wargaje ba. Kai ma ka sani.”

Na ɗauki na uku, ya riƙe mini wuyan hannu. Muka kalli juna. Na sa ɗaya hannun a aljihu na ciro gutsuren tayil na ajiye a kan murfin mota. Ya dube shi, ya sake ni, ya ja numfashi ya zauna a kan buhun taki da gogaggen wandonsa.

Na zaci zai yi ƙarya, har na shirya mata. Bai yi ba, kuma wannan ya fi zafi.

“Kin san abin da ake biya?” ya ce. “Ranar dashe ake biya. Rami, rumfa, hoto. Ba wanda ke biyan ban ruwa, ba wanda ke biyan mai gadi. Farkon da na fara, yankawa nake yi, wallahi, kamar yadda Baba ya koya mana. In koma bayan wata ɗaya in tarar akuya ta cinye rabi, rana ta ƙone rabi. Na kira su na ce a kawo kuɗin kula, suka ce wannan babin an rufe shi, sai na baɗi. Duk masu irin aikin nan, je ki duba filayensu, ƙirare ne a tsaye. Ni aƙalla nawa suna da rai.”

“Suna da rai.” Na shiga asibiti na ɗauko maɗacin nan mai naɗaɗɗiyar saiwa na jefa masa a cinya. “Ga mai rai.”

Hannunsa ya riga bakinsa. Ya juya shi, ya sa babban yatsa yana ƙoƙarin warware saiwar a hankali, daidai yadda Baba yake yi, har da ɗan karkatar da kai. Saiwar ta ƙi, ta riga ta yi itace a murɗe. Ya ce, kamar da kansa yake magana, “Wannan ko an dasa, in ya girma shaƙe kansa zai yi. Iska ɗaya ce.”

“Irin bishiyar Baba ne.”

“Na sani.”

“Na baƙi ka yi musu wayo, wannan tsakaninka da su da Allah. Na bayan ɗakin uwarka fa?”

“Zan mayar ne, Yaya. Na rantse niyyata ke nan. Aiki ne ya yi ta bin aiki, kullum in ce bayan wannan.”

“Ka ga bangon?”

Ya ci gaba da juya maɗacin a hannunsa.

“Ka ga bangon, Auta?”

“Ni na ba ta ƙusar da ta rataya zanin,” ya ce, idonsa a ƙasa.

Ban yi ihu ba, na riƙe alkawarin Inna. Na sauke dashen da na ɗora, na ce daga yau ko ganye ɗaya ba zai ƙara fita daga lambun nan da sunansa ba. Ya tashi ya kakkaɓe wando, ya ce yana da baƙi jibi, in na hana shi na kashe shi. Na ce ya je wurin waccan matar da ba ta iya aiki ba, ƙila ita ta taimaka masa.

Na fasa kwaɗon shingen da guduma, na kwashi jemar da ta rage mini na yi ta dasawa a bakin ramin, ni kaɗai, har bayana ya ƙage. Amma jema tana son lokaci, ruwa kuwa ya riga ya sauka. Wadda na dasa da safe, ruwan yamma ya tafi da ita. Ba zan rantse cewa da an bar na bara a wurin da ɗakin ya tsira ba, wannan sanin na Allah ne. Abin da na gani da idona shi ne, ko'ina bakin ya zaizaye ya ja baya, ban da inda maɗacina da zoben jemarsa suke. Nan ƙasar ta tsaya, ta yi tsini cikin ramin, ruwa yana kewaye ta.

Da tsagar ta buɗe har hannu yana shiga, ban ƙara neman shawarar Inna ba. Na kawo mota, na kwashe gado da akwatuna, na ɗauko ta tana faɗa tana cewa na raina ta. Ba a yi mako ba, wani ruwan la'asar ya sauka, maƙwabciyarta ta kira ni a waya ta ce bangon baya ya tafi, rufin ya bi shi. Na je na gani. Falon yana nan, ƙofar ɗakin tana nan da labulenta, in ka buɗe sai sarari da jan ruwa a ƙasa. Da na dawo na gaya wa Inna, sai ta tambaya ko an sanar da Auta, kada ya ji a bakin mutane hankalinsa ya tashi.

Gidana a bayan lambu yake, ɗaki biyu. Na bar mata gadona na koma tabarma. Da safe takan fito ta zauna a inuwa kusa da tankin ruwa tana taya ni cusa ƙasa a leda, don ta ce zaman banza ciwo yake sa mata. Mun yi zaman lafiya, in dai ba a ambaci sunansa ba. In na zuba abinci takan rage nata ta rufe, ko zai biyo. Ina gani, ina kau da kai.

Wata rana na je sayo taki a bayan gari, mota ta ɓata mana lokaci, ban dawo ba sai da rana ta yi sanyi. Tun daga bakin titi na ga gurbi. Layin darbejiya babu, sabuwar jemar da na fara tayarwa babu, sai zagayen danshi a ƙasa inda ledoji suka zauna, da sawun taya. Inna tana tsaye da sabon mayafinta da takalmin fita, tana wanke hannu a bokiti.

“Kafin ki ce komai, ki saurare ni,” ta ce. “Auta ya samo wasu manyan baƙi. Ya kai su sun ga gidan, ya zo ya ɗauke ni na tsaya a bakin ƙofar ɗakin aka ɗauke mu hoto. Sun tausaya ƙwarai, har wata ta yi hawaye. Sun ce za su dasa wurin gaba ɗaya.”

“Kin tsaya a hoton.”

“To gidana ne, wa zai tsaya? Da ya dawo da ni ya ce gobe za a yi, ba shi da dashe, na ce ya ɗiba, zan yi miki bayani. Ya yi nadama, Babba, har kuka ya yi mini. Wannan karon zai yanka. Na sa ya rantse. Na ɗauko wuƙar babanku a inda kike rataye ta, na damƙa masa a hannu, na ce da wannan za ka yanka kowace leda. Ya karɓa da hannu biyu.”

Tana faɗa fuskarta na haske, kamar wadda ta sasanta yaƙi. Na buɗe baki zan yi magana, sai idona ya sauka kan murfin tanki a bayanta, inda mutum ke ajiye abu in zai kama kaya da hannu biyu. Wuƙar tana nan kwance, ƙotar katakon ta sha rana.

Inna ta bi idona ta juya. Na ga ta gan ta. Ta ɗan tsaya, hannunta na ɗigar ruwa. Sai ta taka a hankali ta zauna a bakin tankin, ta jawo gefen mayafinta ta shimfiɗa a kan wuƙar, ta dafe da tafin hannu.

“Kin sha hanya,” ta ce. “Kin ci wani abu kuwa?”